Haƙƙin Ɗa A Kan Iyayensa Idan Ya Tafi Koyon Fasaha A Gidan Soja



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, duk lokacin da rundunar soja ta buɗe shafin ɗaukar kurata, cikin takardun da ake umartar mai nema ya buga ya tafi da su wurin tantancewa akwai wata guda wadda ba shi ke da ikon sa mata hannu ba, wato takardar amincewar iyaye ko waliyyi. A garuruwanmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, sau da yawa uba yakan dangwala mata yatsa a zaure cikin minti guda, ya ce "Allah Ya tsare," shi ke nan ya ɗauka ya sauke nauyi. Ni kuwa a fahimtata daga ranar ne nauyin yake farawa, musamman idan yaron ɓangaren fasaha zai bi, inda za a damƙa masa injin jirgi, ko na'urar sadarwa, ko ginin gada, ko kwance nakiya. Na san akasarinku ba ku kai ga samun ɗa mai shekarun shiga soja ba. Amma ku ne masu cike fom a waya, ku ne yayye da ƙanne, ku ne iyayen gobe, kuma ta bakinku ne maganar za ta isa zaure da tsakar gida.

Darasin Ƙofar Bebeji

A ƙarshen watan Janairu na shekarar 1903 rundunar Turawan Ingila ta taso daga Zariya a ƙarƙashin Kanar Morland, ta nufi Kano. Garin da ya tsaya mata a hanya shi ne Bebeji. Mutanen gari suka rufe ƙofa suka hau ganuwa, Turawa kuwa suka kafa igwa suka fasa ƙofar. Ranar 3 ga Fabrairu birnin Kano ya faɗa hannunsu, a lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Babu mai cewa kakanninmu sun rasa zuciya. Abin da ya rinjaye su shi ne ilimin ƙarfe da lissafi: ilimin wanda ya ƙera igwar, da wanda ya auna nisan ƙofa, da wanda yake kula da bindiga mai ruwa don kada ta cije.

Galibin sojojin da Turawa suka zo da su baƙaƙen fata ne, da yawansu ma Hausawa. Ina ganin tun daga nan kaki ya yi baƙin jini a ƙasar Kano, aka ɗauki aikin soja na wanda ya gagari gidansu ne. Har yau akwai dattijon da in ka ce masa ɗan wane ya shiga soja, tambayarsa ta farko ita ce, "Me ya yi?" Wannan kallo ya jawo mana asara biyu: yaron kirki mai kaifin ƙwaƙwalwa sai a hana shi, gagararre kuma a tura shi babu shiri don a huta da fitinarsa.

Alhali addininmu bai taɓa raina ilimin ƙarfe ba. A cikin Suratu Saba'i Allah Ya ba mu labarin yadda Ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, Ya umarce shi da ƙera sulke, har da umarnin ya daidaita awon saƙarsa. Ke nan auna ƙarfe daidai wa daida abu ne da aka yi wa Annabi wahayinsa. A shekara ta 5 bayan Hijira, dabarar haƙa gwalalo da Salmanul Farisi ya kawo ita ce Allah Ya sanya sanadin kare Madina daga rundunonin ƙawance. Imamul Gazali kuma ya lissafa sana'o'in da al'umma ba ta tsayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, waɗanda in kowa ya bar su, kowa ya yi laifi.

Mu mutanen kudancin Kano ba ma buƙatar dogon bayani a kan darajar tsaro. Duk wanda ya bi hanyar Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya faɗa Doguwa, a shekarun da 'yan fashi da ɓarayin shanu suka mai da dajin gida, ya san yadda mota takan yi tsit, ba a jin komai sai salati. A 2017 rundunar soja ta kai atisayen Harbin Kunama na biyu dajin, daga baya kuma aka mai da wani sashe nasa filin horar da sojoji. Motar da ta kai su, da na'urar da suke magana da ita, duk akwai hannun wani ɗan wani a bayansu.

Mu San Inda Yaron Zai Tafi

Kuskuren farko da iyaye kan yi shi ne ɗaukar "soja" abu guda. Alal haƙiƙa hanyoyi ne daban-daban, kuma uban da bai san hanyar ɗansa ba, ba zai iya taimakonsa ba.

Wanda ya shiga sojan ƙasa a matsayin kurtu, galibi masaukinsa na farko shi ne Daffo ta Zariya, wadda aka kafa tun 1924, inda zai yi kamar wata shida yana koyon fareti da harbi da ɗa'a. Bayan an yaye shi sai a tura shi sashen da zai yi aiki, kowane sashe kuma da makarantarsa: injiniyoyin gada da hanya da nakiya a Makurɗi, masu gyaran motoci da lantarki da makamai a Auchi ta Jihar Edo, masu sadarwa a Legas, masu igwa a Kachiya, masu tankokin yaƙi a Bauchi. Sojan sama kuwa a Kaduna yake horonsa na farko, kuma a can ne cibiyar fasaha ta AFIT take, wadda ta faro a 1977 a matsayin makarantar horar da ma'aikatan fasaha na rundunar, ta sami sunanta na yanzu a 2008, ta kuma sami izinin karatun digiri a 2018. A Kaduna ɗin ne sojan sama suka nuna jiragensu marasa matuƙi masu sunayen Hausa, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Sojan ruwa yakan fara daga Onne a Jihar Ribas, kwalejin injiniyoyinsu kuma tana Sapele.

Waɗannan duk daban suke da makarantar sakandaren soja ta Zariya, wadda aka buɗe a 1954 take ɗaukar yara bayan firamare, da kuma NDA ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964 don horar da hafsoshi. Sannan a lura, AFIT tana ɗaukar farar hula ta hanyar JAMB, kuma samun gurbin karatu a can ba ya mai da ɗalibi soja. Wanda bai bambance waɗannan ba shi ne ɗan damfara yake fara cin kasuwarsa.

Kafin A Ɗaure Jaka

Abu na farko shi ne izini na gaskiya. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo neman izinin fita yaƙi, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya amsa da eh, sai ya mayar da shi ga hidimarsu. Daga nan malamai suka ce, matuƙar fita ba ta zama farilla a kan kowa da kowa ba, to sai da yardar iyaye. Saurayin da ya kwaikwayi sa hannun mahaifinsa, ko ya kai wa wani a tasha ya dangwala masa, ya fara tafiyarsa da ƙarya da saɓa wa iyaye a lokaci guda. Takardar hannu ɗaya take nema, amma shari'a yardar mutum biyu take nema, don haka a tambayi uwa. Ku kuma iyaye, in za ku hana, ku hana tun da wuri da hujja, ku nema masa wata hanyar rayuwa. In kun yarda, ku yarda da zuciya ɗaya.

Na biyu, gaskiyar takardu. Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya ƙara musu yarda, ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana ɗan shekara 14 aka mayar da shi, sai ranar gwalalo yana da 15 aka karɓe shi. Ashe ƙa'idar shekaru ba yau aka fara ta ba, kuma Umar bai je ya ƙara wa ɗansa shekara ba. Yau rundunar ba ta ɗaukar kurtu sai ya kai 18, tana kuma da iyakar da ba a wucewa. Uban da ya raka ɗansa kotu aka yi rantsuwar rage shekaru ko ƙarawa, ya koya masa shaidar zur da hannunsa. Haka nan rashawa. Rundunar takan nanata a kowace sanarwa cewa neman shiga kyauta ne, amma sai ka ji an sayar da sa, ko an jinginar da gonar shinkafa, an kai wa "wani mai hanya". Hadisi ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Ko da ma an dace, gurbin wani aka ƙwace, kuma albashin shekara da shekaru za a gina a kan wannan tushe.

Na uku, sana'a da lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Rundunar tana ɗaukar masu sana'a a rukuni na daban, kuma shaida take nema: takardar gwajin sana'a, ko sakamakon NABTEB, ko difloma. Yaron da ya shekara biyar a garejin bakanike ko shagon walda, ya iya aiki amma ba shi da takarda, babban gatan da za a yi masa shi ne a biya masa kuɗin jarrabawar. Wanda yake ƙarami kuma, ga kwalejin fasaha ta Bagauda a nan Bebeji. A matsa masa a kan lissafi da Turanci, domin littattafan injin da zai karanta da su aka rubuta.

A nan zan yi magana mai ɗaci. Mutanen Kano sun san abin da ake nufi in an ce za a kai yaro Kiru, saboda cibiyar gyaran tarbiyya da ke can. To Daffo ba Kiru ba ce. Yaron da yake shan ƙwaya magani da kulawa yake buƙata kafin komai. Tura shi inda za a ba shi bindiga, ko a ce ya ɗaure notin jirgi, zalunci ne a gare shi da kuma waɗanda za su dogara da aikinsa.

Watannin Shiru

Idan yaro ya shiga horo, abin da ya fi damun gida shi ne shiru. Ba kullum ake barin kurtu da waya ba, kuma in ya samu ya kira, murya ce ta wanda ya gaji, wani lokaci har da kuka. A nan ne ake gane iyayen da suka yarda da zuciya ɗaya. Uwar da ta ce "Ka gudo, ba mu gaji wahala ba," tausayi ne ya sa ta, amma ta jefa ɗanta cikin laifi, domin tserewa daga aiki babban laifi ne a dokar soja. Abin da yake buƙatar ji shi ne, "Muna lafiya, muna yi maka addu'a, ka daure." In kuwa rashin lafiya ce ta gaske, ko cin zarafin da ya wuce horo, to uba ko wa ya tashi ya je ya bi ta hannun hukuma. Daga Kiru ko Bebeji zuwa Zariya ba wata tafiya ba ce.

Kada a mai da kiransa na minti biyu wurin zuba masa matsalolin gida: rigimar kishiyoyi, bashin taki, wane ya ce wane ya ce. Wanda gobe za a yi wa jarrabawa a kan wayoyin lantarki yana buƙatar kwanciyar hankali. Kada kuma a fara lissafi da ɗan alawus ɗinsa. A wannan lokaci shi ne abin taimako, da kuɗin mota da sabulu da ɗan ƙuli-ƙuli, gwargwadon abin da dokar makarantar ta yarda a kai.

Ku matasa kuma akwai naku aikin. In baƙuwar lamba ta kira mahaifiya aka ce ɗanta yana asibiti a turo kuɗi, ku ne za ku tsaya ku tabbatar kafin a tura ko kwabo. Sannan ku kame hannunku daga ɗora hotonsa da sunan rundunarsa da inda aka kai shi a Facebook ko TikTok. Abin da kuka ɗauka alfahari ne, ga wani bayanin sirri ne da ya same shi a banza.

Game da addininsa, barikoki suna da masallatai, rundunar kuma tana da limamai masu kaki a ƙarƙashin sashen harkokin addinin Musulunci. A nuna masa ya neme su. Kafin ya tafi a tabbata ya san hukuncin taimama da kasaru da haɗa salla da ramuwa, domin zai buƙace su fiye da yadda ya buƙace su a gida. Amma laya da guru da maganin bindiga, waɗanda wasu iyaye kan kashe dukiya a kansu, ba su hana harsashi. Suna ɓata tauhidi, suna kuma sa yaro ya yi sakaci da rigar sulken da aka ba shi. Manzon Allah da kansa ya sa sulke biyu ranar Uhudu, kuma babu wanda ya kai shi tawakkali.

Ba zan yaudari iyaye mata ba: mai fasaha ma akan kai shi Borno da Zamfara, kuma masu kwance nakiya su ne a gaban ayari. Tsoron da ke zuciyarku gaskiya ne. Sai dai Halidu ɗan Walidu, bayan duk yaƙe-yaƙen da ya halarta, a kan shimfiɗarsa ya rasu. Ajali ba ya gaggawa don kaki, ba ya kuma jinkiri don zaman gida.

Amanar Da Ke Hannunsa

Wannan shi ne abin da malaman soja ba za su iya shuka masa cikin wata shida ba in ba a shuka shi a gida ba. Bakaniken gari in ya yi algus, mota ta tsaya a hanya a tura ta. Bakaniken soja in ya sa tsohon ƙarfe ya rubuta sabo, ko ya sa hannu cewa ya duba injin alhali bai duba ba, ko ya zuƙe man motar sintiri ya sayar, to mutane ne za su mutu, watakila ma ba a taɓa gano daga ina kuskuren ya faro ba. Babu mai ganinsa a lokacin sai Allah. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifinsa yana tauye mudu, ko yana cusa ƙaiƙayi a tsakiyar buhun masara, da wuya ya ɗaure noti na ƙarshe in babu mai kallonsa.

A daren 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam a kan masu taron Maulidi a ƙauyen Tudun Biri, Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Rundunar ta amsa cewa kuskurenta ne, har shugabanta na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je ya ba da haƙuri. Wani zai ce wannan ya ishe shi hujjar hana ɗansa sa kaki, kuma na fahimci zafin da ya sa ya faɗi haka. Wajibi ne hukuma ta yi bincike ta hukunta mai sakaci kowane ne shi. Amma kujerar da ke gaban wannan na'ura ba za ta zauna babu kowa ba. In dole wani ya zauna a kanta, to ina fata ya zama wanda ya ƙware, ya san yadda taron Maulidi da ranar kasuwa da tashin makiyaya suke, kuma aka raine shi a kan cewa jinin mutum ɗaya abin tambaya ne ranar alƙiyama.

Saboda haka wasiyyar uba ta ƙunshi iyakar biyayya. Soja ba ya tsayuwa sai da bin umarni, kuma mu ma muna horonsa da ya bi. Amma ya san labarin shugaban rundunar nan da ya yi fushi, ya sa aka hura wuta ya ce mutanensa su shiga, suka ƙi, kuma da labari ya isa ga Manzon Allah sai ya bayyana cewa biyayya a cikin abin kirki take kawai. Ya kuma san wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi da sare itatuwa masu 'ya'ya.

Kammalawa

Ranar yaye a je a taya shi murna, in da hali uwa ta ga ɗanta yana fareti. Amma daga nan wata jarrabawar take farawa. Kada dangi su yi wa albashinsa na farko rubdugu, domin wanda aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa, shi ne gobe zai miƙa hannu a shingen hanya. Kada kuma a mai da shi sandar dukan maƙwabta, a riƙa cewa "Bari ɗana ya zo hutu" a kan rigimar iyakar gona ko bashi. A ƙarfafa shi ya ci gaba da kwasa-kwasai, ya adana takardunsa, domin wata rana zai tuɓe kaki, sana'ar kuwa da ita zai dawo gida, ya buɗe gareji ko shagon lantarki a Tudun Wada ko Riruwai, ya koya wa ƙannensa.

Ya ɗan'uwana mai karatu, in a gidanku akwai mai shirin tafiya, ka zauna da Baba da Inna ka karanta musu takardar nan da Hausa kafin a dangwala mata yatsa, su san abin da suke amincewa da shi, da abin da ya hau kansu daga ranar.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare 'ya'yanmu a duk inda suke, Ya tsare mutane daga cutarwarsu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.